Gwaggo Delu Ba Ta Biyan Kuɗin Duhu

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Gwaggo Delu a Kazaure ya san bangon nan na hannun dama. Ba hoto a jikinsa, ba kalanda, sai zanen gawayi layi-layi kamar kunyoyin gona. Da an kawo wuta, kafin yaran unguwa su gama ihu, kafin ma ta jona firizarta, Gwaggo za ta zaro guntun gawayi daga ƙarƙashin filo ta je ta ɗiga ɗigo a bango. In wutar ta ɗan jima, sai ta ja ɗigon ya zama gajeren zane. In ta wuni, ta ja shi dogo. In kuwa irin wadda take leƙowa ta koma ce, ɗigon haka zai zauna, Gwaggo ta ce, "Wannan gaisuwa kawai ta zo yi." Ran da aka ga sabon wata kuma sai ta ja layi a kwance, ta fara sabon lissafi.

Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki. Ni kuma Sabi'u, ɗan ƙaninta da ya tashi a hannunta, mai digiri da kujera a sakatariyar Roni, shekara goma sha ɗaya ina yi mata dariya. Alhali da ƙanƙara da zoɓon firizar nan ta biya mini kuɗin makaranta tun bayan rasuwar mijinta. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai Babana. In na ɓata mata rai kuma, Babana mai takardu.

Kun dai san ta da tsimi. Ƙwan fitila ɗaya gare ta a gidan nan mai ɗaki uku. In za ta shiga madafi sai ta sa tsumma ta kwance shi daga ɗaki ta tafi da shi, in ta gama ta dawo da abinta. Da na karɓi albashina na farko na sayo mata guda shida, ina ta hura hanci.

Ta juya su a hannu ta ce, "Babana, ni mutum nawa ce?"

Na ce, "Ɗaya, Gwaggo."

"To ka taɓa ganina a ɗaki biyu lokaci guda?"

Bayan rasuwarta muka same su a cikin kwalla, shidansu cif, ko kwalinsu ba a yaga ba!

Unguwarmu ba mita, kintace kawai ake yi a rubuto wa kowa abin da aka ga dama. Mai raba mana bil wani bawan Allah ne mai haƙuri, Malam Nasiru. Duk wata in ya yi sallama, Gwaggo sai ta sa a shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa zoɓo mai sanyi, ta bari ya kai rabin kofi, sannan ta ce, "To, nawa suka ce?"

"Dubu bakwai ne, Hajiya."

Sai ta leƙa ɗaki ta dubi bango, tana motsa baki. "Dogaye huɗu, gajeru tara, gaisuwa goma sha biyu. Na taya dubu biyu da ɗari biyar."

"Haba Hajiya, ai ba a tayin bil!"

"Ko likkafani ana tayawa, ɗan nan. Sauran kwanakin ai duhu kuka kawo mini. Duhu ma sai an biya?"

Abin da bangonta ya ce, shi take kaiwa ofis ta biya da hannunta, ta karɓi rasit ta jefa a gwangwanin madara. Ba ta taɓa makara ba ko sau ɗaya. Abin da ba ta sani ba, ragowar da take ƙin biya ana tara mata ita a ƙasan takardar da ƙananan baƙaƙe. Ita ba ta yi boko ba. Ni da na yi kuwa, ban taɓa kai idona ƙasan takardar ba, don na ɗauka nan ne ake rubuta godiya.

Wata shekara aka biya mu wasu kuɗaɗen da muka daɗe muna bi a wurin aiki, sai kaina ya ɗauki zafi. Na ce lallai sai na raba Gwaggo da masu wuta na sa mata sola, faranti a kan rufi, batir a ɗaki, firiza tana aiki ba mai ɗauke mata komai.

Ta ce, "Wa zai riƙa kawo bil ɗin? Rana?"

Na ce, "Babu bil, Gwaggo. Kyauta ce."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Abin kyauta ai shi ya fi tsada, Babana."

Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda, amma da sharaɗi. Ranar da za ta tafi Babura sunan jikan 'yarta Yaya Asabe, ta kira ni ta miƙo mini ƙullin goro ashirin a cikin jiƙaƙƙen algarara, har da farare guda shida.

"Ka kai ofishin masu wuta. Shekara nawa muna tare da mutanen nan, mu yi faɗa mu shirya. Ba a rabuwa da abokin ciniki a ɓoye kamar ɓarawon kaza. Ka ce Delu mai ƙanƙara ta gode, ta sallame su, su ma su sallame ta. Kuma su ba ka takarda."

Na ce to. Amma a zuciyata na ce, ni da digirina in shiga ofishin mutane da ƙullin goro kamar mai neman aure? Wuta ai a waya take, in an yanke waya magana ta ƙare. Sai na kira Ɗanlami mai gyaran wuta, ya kafa tsani ya datse wayar daga jikin fal, na sallame shi. Goron kuwa, da yamma na zazzage shi a majalisarmu ta wurin mai shayi a Kanti. Aka yi ta sa mini albarka. Fararen nan shida, huɗu ni na ci.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai na dubi sabon batir da sababbin fitilu, na dubi bangon nan baƙi ƙirin, na ga sam ba su dace ba. Na kira mai fenti. Kowa ya tambaya sai in ce fenti ne mai tsada, daga Kano na sa aka kawo. Yau dai tunda ranar faɗin gaskiya ce: bokiti ɗaya na saya, mafi araha a kasuwa, na kuma ce wa mai fentin ya ƙara ruwa don ya ishi zaure.

Bayan mako biyu Gwaggo ta dawo. Na tsaya a bakin ƙofa ina murmushi, ina jiran shi albarka. Ta shiga, ta ajiye ƙunshin kayanta, ta tsaya gaban bangon nan fari fat.

"Babana, ina shekaruna goma sha ɗaya?"

"Gwaggo, ai an wuce wannan zamanin."

"To, Allah Ya sa zamanin ya san an wuce shi. Ka kai goron?"

"Na kai."

"Me suka ce?"

"Sun ce sun gode ƙwarai."

"Takardar fa?"

"Manaja ba ya nan, za a aiko."

Ba a yi wata ba sai ga Malam Nasiru da bil, domin a littafin ofis Gwaggo tana nan daram tana shan wuta. Allah Ya taimake ni na tare shi a ƙofar gida. Na ce daga yau ni zai riƙa ba, ni ne mai kula da harkar. Na cusa takardar ƙarƙashin sirdin babur da niyyar gobe zan je ofis in gyara komai. Goben nan ta yi wata bakwai ba ta zo ba. Sirdin babur ɗina har ya fara tudu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Talata cikin damina ina Roni wurin aiki, Malam Nasiru ya zo da takarda mai jan hatimi, bil na ƙarshe, aka ce lallai hannu da hannu za a ba mai gida. Ya karanta mata: dubu ɗari da tamanin da huɗu, in ba a biya ba za a ɗauki mataki. Da na dawo da la'asar na same ta zaune a tsakar gida da mayafinta, takardar a kan cinya.

Ta ce, "Tayar da babur ɗinka gobe da sassafe."

Manajan ofishin matashi ne mai ladabi, ya miƙe ya ba ta kujera. Ofis cike da masu ƙorafi. Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Ni ce Delu mai ƙanƙara. Abin da ya kawo ni, ban taɓa ganin inda aka ci goron sallama sannan aka biyo mutum da bashi ba."

Manaja ya ce, "Wane goro, Hajiya?"

"Ashirin ne, har da farare shida. Ga wanda ya kawo."

Wallahi duk ofishin nan aka juyo ana kallona, har mai shara ya tsaya da tsintsiyarsa.

"Babana, ina goron mutane?"

"Gwaggo... an ci."

"Wa ya ci?"

"Jama'a."

"Kai fa?"

"Na ɗan taɓa."

Wani dattijo a kan benci ya ce, "La'ilaha illallahu!" Tun daga ranar sunana ya tashi daga Babana mai takardu ya koma Babana ci-goro, kuma na san wasunku har yau haka kuka ajiye lambata a waya.

Manaja ya danne dariyarsa ya yi mata bayani dalla-dalla. Kuɗin kashi uku ne. Akwai na wata bakwai, tunda ba wanda ya zo ya ce ta bar layinsu. Akwai tarar taɓa musu waya ba izini, don ma'aikatansu sun ga an datse ta. Sai mafi yawa, tsohon bashi na ragowar da take ƙin biya. Ya ce, "In kina da shaidar cewa ba ki sha wutar da aka rubuta miki ba, Hajiya, sai mu duba."

Ta ce, "Da ina da ita, ɗan nan. Ga wanda ya shafe ta da fentin Kano."

Muka kama hanyar komawa gida. A lokacin kuma ciwon ƙirji ya fara cinta, ƙafafunta suna kumbura, hawa babur ma da ƙyar. Na tsorata ƙwarai. Da muka isa gida na durƙusa na ce ta yafe mini, zan sayar da babur ɗin in biya kuɗin duka a huta.

Nan ne na ga fushin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Kul! In ka biya, ka tsaya gaban duniya ka shaida cewa shekara goma sha ɗaya Delu tana cin haƙƙin mutane. In kuma ba a biya ba, na tafi da shi a wuyana. Malamai sun ce mai bashi a rataye yake kwana a kabari. Ni kuma na ji jikina, Babana, ba ni da lokaci mai yawa. Ba zan biya kuɗin duhu ba, kuma ba zan kwanta a rataye ba. Kai da ka yi boko sai ka gaya mini yadda za a yi."

Digirina bai kai nan ba. Kwana goma ina zuwa gaishe ta tana amsawa da ka. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na kwanakin nan ba.

Sai aka shiga marka, kwana uku ruwa ba ya tsayawa, bangon gidaje duk ya jiƙe. Ran na huɗu da hantsi ta kira ni a waya, muryarta wasai.

"Babana ci-goro, zo ka ga fentin Kano."

Na shiga ɗakin na yi turus. Danshi ya ratsa bango, fentin nan da na sa aka tsinka da ruwa ya koma kamar ruwan koko, ga zanen gawayi ya fito ta ƙarƙashinsa rangaɗau. Dogaye, gajeru, har da 'yan gaisuwa, babu wanda ya ɓata!

Ta ce, "Nawa ka ce ka sayi bokitin?"

Na sunkuyar da kai.

"Allah Ya yi wa rowarka albarka. Da ka sayi mai kyau da na shiga uku. Ashe dai jinina ne kai."

Saura kawo manaja, shi kuma ya ce aikinsa bai haɗa da duba bango ba. Gwaggo ba ta yi musu ba. Washegari ta sa na kai ta ƙofar ofishin da tabarma da kular zoɓo, ta zauna tana ciniki, duk wanda ya saya sai ta ba shi labarin goro daga farko har ƙarshe, tana nuna ni. Kwana uku muka yi a haka. Ran na ukun manaja ya fito ya ce, "Hajiya, don Allah mu je mu ga bangon nan, ko don wannan bawan Allah ya samu ya koma wurin aikinsa."

Ya zo da Malam Nasiru da babban littafi. Gwaggo ta juye gwangwanin rasit a kan tabarma, ta ɗauki muciya tana nuna musu wata-wata kamar malamar makaranta. Da farko manaja murmushi yake yi. Sai suka iso wani wuri da aka ja layi biyar a kwance, tsakaninsu ko ɗigo babu.

Ta ce, "Wannan shekarar da muka yi azumi ba ƙanƙara ce."

Malam Nasiru ya ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da taransifomar unguwar nan ta ƙone ke nan."

Manaja ya buɗe littafi, ya yi waya ofis, ya dawo ya cire hularsa ya sosa kai. Wata huɗun nan duk an rubuta mata cikakken kuɗi. Daga nan ya daina murmushi ya ja kujera ya zauna sosai. Tun hantsi suke lissafi har aka kira la'asar. Duk inda littafinsu ya nuna layi ya lalace, bangon Gwaggo ya riga ya faɗa. Ya soke na wata bakwai, tunda ga waya a datse kowa yana gani. Tsohon bashi ya yi ta zaftarewa har ya zama ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ya rufe littafi zai miƙe, sai ta ce, "Tsaya, ba mu gama ba." Ta kai muciya can sama. "Wannan watan dogaye goma sha ɗaya kuka ba ni, kuma ba a kawo bil ba, matar Malam Nasiru ta haihu bai fito ba. Ku kun manta, ni ban manta ba. Ku sa a lissafi."

Manaja ya dube ta. Ya ce, "Hajiya, tunda na fara aikin nan ba a taɓa tuna mini bashin da na manta ba."

"Ai ba don kai na yi ba, ɗan nan. Tarar waya fa, nawa ce?"

Ya faɗa.

Ta nuna ni da muciya. "Wannan kuɗin goro ne. Ga mai shi."

Na biya, rabin albashina. Ban jin an taɓa cin goro mai tsadar wannan a ƙasar Kazaure. Washegari ta sayi wani sabon goron, ta kai ofis da ƙafarta, ta biya nata har da canji, ta ce ta sallame su, suka ce sun sallame ta. Aka ba ta takarda mai hatimi. A nan gaban kowa ta miƙo mini ta ce in karanta da ƙarfi, "har ƙasa, Babana, inda ake rubuta godiya." Sau biyu ta sa na karanta.

Wata biyar bayan haka Allah Ya karɓi abarSa. A wurin jana'iza ni aka sa na miƙe na yi sanarwar da aka saba, cewa duk mai bin marigayiya bashi ya zo ya same mu. Ba wanda ya motsa. Sai Malam Nasiru daga sahun baya ya ce, "Mu dai ta sallame mu da goro." Mutane suka yi ta ƙoƙarin danne dariya a gaban makara, ni kuwa ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Bayan sadakar uku muna kwashe kayan ɗakin, Yaya Asabe ta kira ni ta tura ƙyaure ta nuna mini bayansa. Wani zanen gawayi ne, sabo, ƙanana a jere, kowace rana ɗaya, babu tsallake. Na ce wannan kuma na mene ne, tunda sola ba ta da bil?

Ta ce, "Naka ne. Ta ce ita ba ta taɓa shan wuta kyauta ba. Kullum in fitilar nan ta kama da magariba sai ta yi maka addu'a ɗaya, ta zana don kada ta ci maka bashi. Ta hana ni gaya maka, wai kanka zai kumbura."

Na durƙusa na bi su da yatsa. Sun fara tun ranar da ta dawo daga Babura ta tarar na shafe mata bango. Kwana goman nan da take amsa gaisuwata da ka, suna nan, goma cif. Na ƙarshen ya ɗan karkace, hannunta ya riga ya yi rauni. Na hana kowa taɓa wurin, kuma mai fenti ba zai sake shiga ɗakin nan ba muddin ina raye.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Delu, Ya yafe mata kurakuranta. Ta tafi ba a rataye ba, ba haƙƙin kowa a wuyanta. Ya Allah, Ka haskaka makwancinta da hasken da ba a ɗaukewa, Ka ba ni ikon biyanta addu'o'in nan ɗaya bayan ɗaya. Amin.